Guda Shida a Cikin Jar Safa

Ubana ne ya kore ni daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina da shekara goma, a kan wasu 'yan ƙwallaye guda shida da ko ɗaya ban sa a bakina ba. Idan na faɗi haka a cikin dangi sai a ce na cika riƙo. To, na cika ɗin.

Gab da shiga shekara ta dubu biyu ne. Muna zaune a hawa na bakwai na wani tsohon bene, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda jiragen saman da ke sauka filin jirgin Baiyun suke bi ta saman kanmu har tagogi su yi ta rawa. Baba mai masauki ne. A lokacin mutanenmu ba su da yawa a garin, in ka hango baƙar fata a titin Guangyuan sai ka tsallaka ka gaishe shi. Ɗan kasuwa zai taso daga Kano ko Maradi bai san kalma ɗaya ta Sinanci ba, Baba ne zai tarbe shi, ya sauke shi a gidanmu, ya kai shi wurin masu kaya, ya yi masa ciniki, ya tsaya a kan lodi har a rufe kwantena. Sinawa suna ce masa lawban, wato maigida. Baƙi kuwa Malam suke ce masa, don shi yake jan su sallah a falo. Umma ke yi musu tuwo da miyar kuka, da daddawar da su da kansu suke ƙunso mana a ƙasan jaka. Abincin gidanmu gaba ɗaya a bakin baƙin nan yake. In sun koma sun yabi Malam, wasu su zo. In sun kushe shi, sai mu zauna muna kallon juna.

Na yi kusan shekara a gidan nan ba makaranta, ina yanka albasa ina leƙen titi ta taga. Umma ce ta tayar da ƙayar baya. Ta ji labarin wata Baturiya 'yar Ostireliya, mijinta yana aiki a wani kamfani, ita kuma ta mayar da falonta aji tana koyar da 'ya'yan baƙin ƙasa. Sai da Umma ta yi wata guda tana naci kafin Baba ya yarda, kuma da sharaɗi ya yarda. Ya zaunar da ni ya ce, "Ki je ki koyi Turanci da lissafi. Amma ki ji ni da kyau. Ranar da kika shigo min da wani abu na addininsu cikin gidan nan, ranar kin gama. Kano za ki koma wajen Gwaggonki." Gwaggo yayarsa ce, kuma duk yaron da aka haifa a danginmu da sunanta ake tsorata shi. Na ce na ji.

Mu goma sha ɗaya ne a ajin. Akwai 'yan Koriya, da 'yan Indiya biyu, da wani ɗan Labanan mai yawan kuka, ni kaɗai ce baƙa. Malama doguwa ce, fatarta duk ɗigo-ɗigo, tana koyarwa ba takalmi. A bangon falon akwai kanta cike da littattafai, kuma duk Juma'a sai ta ce kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi gida. Haka kawai, ba roƙo. Wata huɗu da shigata na fara karanta wa Umma rubutun jikin kwalayen baƙi, tana tafa hannu tana cewa, "Iye, 'yar nan tawa ta zama tafinta!" Ban taɓa son wuri a duniya kamar yadda na so falon nan ba, har yau kuwa.

A shekarar azumi ya faɗo cikin Disamba, cikin irin sanyin nan na Guangzhou mai laima, wanda wanki yake kwana uku a rataye bai bushe ba. Ni kuma na ɗaura niyyar kai azumi talatin cif a karo na farko. Ba wanda ya sa ni. So nake Baba ya nuna ni a gaban baƙi, kuma ya nuna ɗin. Kullum aka sha ruwa sai ya ce, "Kun ga wannan? Ko ɗaya ba ta sha ba." Sai in ji kaina ya yi girma.

Cikin baƙin da suka sauka a lokacin akwai wani Alhaji daga Kano, babban ɗan kasuwa, wanda rabin masu sauka gidanmu ta hannunsa suka san Baba. Ƙato ne, yana da haƙorin Makka a gefen dama, in zai yi dariya sai ya karkata baki don a gan shi da kyau. Yana da wata dabara ta ciniki. In Disamba ta shiga, duk kayan Kirsimetin da masana'antu suka yi wa Turawa an riga an kwashe, saura ragowa da masu ɗan tabo, ana neman kai da su. Sai Alhaji ya zo ya share su a araha, ya kai Kano ya jibge a sito, in shekara ta zagayo ya fito da su ga 'yan kasuwar Sabon Gari. Fitilu masu walƙiya, bishiyar roba, jar hula mai tuntu, jar safa mai farin baki. Baba ne yake zaga masa gari yana nemo su. Ɗan ɗakinmu na ajiya a cike yake da kwalayen samfur har rufi, a gefensu kuma ake jingine dardumar sallah.

Ana saura kwana uku a yi hutu, Malama ta ce kowa ya zo da babbar safa guda ɗaya. Ta ce a gidansu tana yarinya suna rataye safa, da safe su tarar da 'yan kayan daɗi a ciki, tana so ta yi mana irin haka ranar rufe makaranta. Na koma gida na faɗa wa Umma a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Safa dai? Safa ai ba addini ba ce." Muka duba na Baba, duk baƙaƙe ne, dunduniyarsu ta ci. Ni ce na tuna da kwalin Alhaji. Umma ta ce, "Ɗauki ɗaya, ki dawo da ita yadda kika ɗauka. Wa zai ƙirga?" Tawa ta fi ta kowa kyau a ajin. Har Malama ta ɗaga ta sama tana tambayar inda na samo, ni kuwa ina ta fankama.

Ranar rufe makaranta muka tarar da safofinmu jere a kan igiya, kowacce ta kumbura. A tawa akwai lemo ɗaya, fensir mai goge-goge a kai, alewa biyu. Can ƙasa, wajen yatsu, na ji wasu abubuwa masu nauyi suna ƙwanƙwasar juna. Na zazzage su a tafin hannuna. Guda shida ne, zagaye sumul, ruwan ƙasa, suna sheƙi kamar an shafa musu mai, kowanne bai kai ƙaramin goro ba.

Malama ta ce sunansa makadamiya. Ta ce mahaifinta yana da bishiyoyinsa a bayan gida, shi ya aiko mata da kwali guda, kuma a wurinsu safa ba ta cika ba sai an taɓa shi a ƙasanta. Tana faɗa idonta yana kawo ruwa. Ta ce kada wanda ya kuskura ya sa masa haƙori. Ta fitar da mu baranda, ta nuna mana wani ɗan rami a siminti, ta ɗora ɗaya a ciki, ta ɗauko guduma ta buga har sau uku kafin ya tsage. Cikinsa fari fat, mulmulalle. Yara suka yi layi, kowa ya miƙa nasa ana fasa masa. Ɗan Labanan ya cika baki da biyu yana lumshe ido. Ƙamshinsa ya cika barandar, wani abu tsakanin soyayyar gyaɗa da man shanu. Yawuna ya tsinke.

Malama ta miƙo min hannu ta ce in kawo nawa. Na ce azumi nake. Ta ce, ayya, ta manta, in tafi da su gida in ci da yamma. Ta ce ko ta fasa min in ƙulle a takarda? Na ce a'a, ina so in nuna wa Umma yadda suke da ɓawonsu.

Wannan wurin ne yake ci min rai har yanzu. Ina da shekara goma, azumi bai ma hau kaina ba. Da na tsaya a barandar nan na cinye su tas na goge bakina, na mayar da safa cikin kwali, babu mahaluƙin da zai sani. Tsoron Allah ne ya sa na ɗauko su na kawo gida.

Na ɓoye safar a ƙarƙashin filo. Na yi ta duban agogo. Da lokacin shan ruwa ya yi, Umma ta shirya wa maza kunu da ƙosai da dabino a falo, Baba ya ja su magariba, suka zauna cin tuwo. Su huɗu ne: Baba, Alhaji, wani ɗan kasuwa daga Maradi mai saurin dariya, da wani dattijo da ba ya magana. Ni ko kunu ban tsaya sha da kyau ba. Na ja Umma na nuna mata. Ta juya ɗaya a hannu ta ce, "Wannan ai goruba ce ta haihu." Ba mu da guduma, amma muna da ɗan turmin daka yaji da Umma ta taho da shi daga Kano. Na jefa ɗaya a ciki na kai masa taɓarya. Ya yi tsalle ya bugi bango. Na ɗauko na sake bugawa. Na sake.

"Wai me ake daka ne haka kamar za a rushe gida?" Muryar Baba ce daga falo. "Ke! Zo nan."

Na fito da su a dunƙule cikin hannu, don ban sami inda zan ajiye ba. Ya ce in buɗe. Na buɗe.

Kwana uku ke nan Alhaji yana mitar goro. Wanda ya taho da shi ya ƙare, an zaga gari an rasa, kowane mai shago sai ya ce meyo, wato babu. Kullum aka sha ruwa sai ya yi hamma ya ce kansa na sarawa. Yana ganin abin da ke hannuna ya miƙe zaune. "Kai, Malam, ashe kuna da goron Sinawa kuke ɓoye mana?"

Baba bai san ko mene ne ba, amma ya san abu ɗaya: a gidansa yaro ba ya riƙe abin ci a gaban baƙo ya koma da shi. Ya ce, "Kai wa Alhaji mana, kin tsaya kina kallon mutane."

Na durƙusa na miƙa da hannu biyu, duka shidan, yadda aka koya min. Na ce, "Alhaji, sai an sa..."

"Ke!" in ji Baba. "Alhaji za ki koya wa cin goro?"

Na ja da baya. Alhaji ya zaɓi wanda ya fi girma, ya goge shi a hannun riga, ya yi bisimilla, ya kai shi gefen dama inda ya saba ɓantarar goro, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Muka ji ƙas. Ya yi wani irin ihu ya dafe kunci. Wani abu ya faɗo daga bakinsa ya yi tsalle a kan faranti, ya gangara ya tsaya kusa da kofin kunu yana ƙyalli. Haƙorin Makka ne. Ƙwallon kuwa ya tofo shi lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Mutumin Maradi ya yi ƙoƙarin danne dariya, gaskiya. Ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Can dai ta ƙwace masa, ya kwanta a kan kafet yana dukan ƙasa yana cewa, "Wayyo cikina! Alhaji, goro ya rama!" Har dattijon nan ya juya fuska bango. Da ba a yi dariyar nan ba, ina jin da maganar ta tsaya a kan likitan haƙori. Amma an yi wa babban mutum dariya a gaban yarinya, dole wani ya ɗauki nauyinta, kuma ni ce mafi ƙanƙanta a ɗakin.

Alhaji ya tsince haƙorinsa ya ƙulle a hankici. Ya dube ni, bakinsa da ɗan jini. "Ina kika samo wannan dutsen?"

Na ce a makaranta.

"Rabawa ake yi?"

Na dubi Baba. Fuskarsa ta riga ta canza. Ban iya ƙarya ba a lokacin, daga baya ne na koya. Na ce Malama ce ta sa mana a safa.

"A safa," in ji Alhaji, a hankali. Mutumin da ya shekara nawa yana sayar da abin, ai ba sai an yi masa bayani ba. "Je ki ɗauko safar."

Na ɗauko. Ya riƙe ta da yatsu biyu ya ɗaga kamar mushen ɓera. Ya juya ga Baba ya ce, "Malam, ashe 'yarka Kirsimeti take yi? Cikin watan azumi? A gidan da muke tsayawa a bayanka muna sallah? La'ilaha illallahu. In na koma gida aka tambaye ni gidan Malam, me zan ce?"

Nan ne bakina ya ja min. Raina ya ɓaci, idona ya rufe, na ce, "Ai safar taka ce, Alhaji. A kwalinka na ɗauka. Akwai irinta fal a ɗaki."

Mutumin Maradi ya tashi zaune ya gyara hula. Baba bai mare ni ba, da ma ya mara an wuce wurin. Cewa kawai ya yi, "Shiga ciki." Ina tafiya na ji yana ba da haƙuri, muryarsa ta yi ƙasa, irin muryar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ta ƙofar kicin na ga ya tattara ƙwallayen nan shida, har wanda Alhaji ya tofar, ya buɗe taga ya watsa su ƙasa. Safar kuwa bai jefar ba. Kakkaɓe ta ya yi, ya ninke, ya kai ta ɗakin ajiya ya mayar cikin kwali. Kaya ne, ai ba a wasa da kaya.

Washegari da hantsi, baƙi sun fita kasuwa, Umma ta tare Baba. Ina kicin ina jinsu. Ta ce ita ce ta ce in ɗauka, in hukunci ne ita za a yi wa. Ta ce yarinyar nan azumi ne ya hana ta ci a can. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Kai fa ka nemo masa safar nan kwali-kwali. Da hannunka ka ɗaure su."

Ya ce, "Sayarwa daban, ratayewa daban."

Ta ce, "To lemo da fensir ne addinin, ko gyaɗar?"

Ya ce, "Ni ba ruwana da abin da ke ciki. Abin da za a faɗa a Kano nake dubawa. In mutumin nan ya buɗe baki, wa zai ƙara sauka gidan nan? Ke za ki ciyar da mu?"

Ta ce a cire ni daga makarantar, amma a bar ni a gabanta. Ya ce ya riga ya faɗa wa Alhaji abin da zai yi, a gaban mutane, ba zai zama ƙaramin mutum ba. Daga nan ban ƙara jin muryar Umma ba, sai ƙarar famfo da ta buɗe ta bari yana zuba.

Na kai azumina ranar, na kai na washegari. Ba don lada ba, don haushi. Baba bai ƙara cewa kowa ya dube ni ba.

Alhaji yana so ya yi Sallah a gida, don haka kwana goma bayan nan aka damƙa ni a hannunsa. E, shi ɗin dai. Shi ya riƙe fasfona, shi ya zauna kusa da ni a jirgi da giɓinsa, yana yi min nasiha a kan tarbiyya tun daga tashi har sauka. Kayan Sallata da Umma ta ɗinka da hannu, wata shuɗiyar atamfa, a jaka suka tafi ban gwada su a gabanta ba. Ban yi sallama da Malama ba, ta tafi hutu ƙasarsu. Akwai littafinta mai koren bango a wurina, na kai rabi, Baba ya ba mai gadin gidansu ya ajiye mata. Ban san yadda labarin ya ƙare ba, sunan littafin ma ya ɓace min. A filin jirgi Umma ta riƙe kaina a ƙirjinta. Sai da aka ɓamɓare ni.

Shekara huɗu ban ƙara ganinta ba. An haifi ƙanena, a hoto na san shi. Gwaggo ba ta kashe ni ba, gaskiya, ta ciyar da ni ta sa ni makaranta, amma duk wanda ya shigo gidan sai ta nuna ni ta ce, "Ita ce aka dawo da ita, ta fara bin Nasara." A aji muna zaune a ƙasa mun fi ƙarfin ɗakin, littafi ɗaya mu biyar. Turancina da Umma take tafa wa hannu ya zama abin tsokana, sai na daina yin sa. Da shekara ta zagayo Gwaggo ta aike ni Sabon Gari sayen zare, na ga jajayen safofin nan rataye a gaban wani shago, jere a kan igiya, iska tana kaɗa su. Na tsaya ina duba su ɗaya bayan ɗaya, wai ko zan gane tawa, har mai shagon ya ce in ba saya zan yi ba in matsa.

Gidanmu na Guangzhou kuwa ya ci gaba da cika da baƙi. Alhaji ya sa sabon haƙori, ya ci gaba da sauka wurin Baba har ƙarfinsa ya ƙare. Yakan ba da labarin Malam a matsayin mutumin da ba ya wasa da addini, wanda ya mayar da 'yar cikinsa gida a kan abu kaɗan. Wannan yabo ya kawo wa Baba mutane da yawa.

Yanzu Baba ya tsufa, ya dawo Kano, Umma ta rasu shekara shida ke nan. Ba mu taɓa yin maganar nan da shi ba. Ina zuwa in gaishe shi, in kai masa magani, in tambayi jikinsa, in tafi. Watannin baya na shiga wani babban kanti sayen madarar yara, sai na ga gwangwani a kan kanta da hoton abin a jiki. An fasa, an soya, an barbaɗa gishiri. Na daɗe a tsaye a wurin. Na saya, ban buɗe ba, na wuce gidan Baba kai tsaye. A mota na shirya duk abin da zan faɗa masa, tun daga farko har ƙarshe, har da inda zan ɗaga murya.

Na same shi a zaure a kan buzu, yana jan carbi. Haƙoransa sun zube saura kaɗan. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe gwangwanin na ajiye a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya mamula. Ya ce, "Kai, wannan abu da taushi yake. Ga maiƙo. Mene ne?"

Na ce, "Baba, shi ne wanda ya cire wa Alhaji haƙori a Guangzhou."

Ya tsaya. Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Yana share hawaye yana cewa, "Allah ya jiƙan Alhaji! Wallahi ranar da ƙyar na riƙe dariyata. Kin tuna mutumin Maradi yana birgima a ƙasa? Kai, duniya. Ashe wannan ne abin!"

Na ce, "Shi ne. A kansa ka dawo da ni Kano."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wasa ba. Ya ce, "Ni? A'a. Ba ke ce kika matsa kina son zuwa wajen Gwaggonki ba? Ai sanyin can ne bai karɓe ki ba."

Na nemi maganar da na shirya a mota, na rasa ko kalma ɗaya. Ya ƙara ɗaukar biyu ya jefa a baki, ya turo min gwangwanin da bayan hannu. Ya ce, "Ci mana. Ke kika kawo, ki zauna kina kallona?"

Na ce, "Azumi nake, Baba."

Ya ce, "Madalla, Allah ya karɓa. Ke dai tun kina yarinya akwai son azumi."

Ranar Laraba ce, kuma na ci ɗumamen tuwo da safe. Na bar masa gwangwanin, na sa takalmina na fito.